Bindigar Baba ta fara cijewa, ya ce sai maƙeri ya goge ta

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka ne daga Jos. Mahaifina tsohon maharbi ne, shekarunsa 74. Yana da babbar bindigar farauta mai sakata, .375 (wato kaurin harsashinta a ma'aunin inci), wadda ya saya da lasisi a hannun wani Bature ma'aikacin kamfanin kuza da zai koma ƙasarsu a 1976. Duk gidanmu ba wanda ya isa ya taɓa ta. Shekara biyu ke nan da ta fara cijewa. Harbin farko lafiya lau, amma in ya ja sakata zai tura na biyu, wani lokaci sai sakatar ta haye bayan harsashin ta karce shi, wani lokaci kuma kan harsashin ya doki ƙarfe ya tsaya a karkace. Da ranin bara sun fita daji da ɗan yayata mai shekara 19 da yake koya wa farauta. Baba ya harbi gadu bai faɗi ba, ya juyo kansu, harsashi na biyu ya ƙi shiga. Allah ya taƙaita, yaron ya tsira da ɗinki bakwai a ƙwauri.

Yanzu Baba ya ce zai kai ta wurin abokinsa maƙeri, mai gyara wa mutane bindigar toka, ya ɗan goge cikinta da magagari. Na ce kada a yi haka, ya ce tun ba a haife ni ba yake riƙe da ita. Kwana goma ke nan in na gaishe shi da ka yake amsawa. Mama ta ce in ɗauke ta a ɓoye in kai wa 'yan sanda kowa ya huta. Yayata ta rantse ɗanta ba zai ƙara binsa ba. Akwai kuma abin da na kasa faɗa wa kowa: ina zargin ba laifin bindigar ba ne, hannun Baba ne ya yi rauni, don na ga yadda yake fama da ɗaga bokiti da hannun dama. Kaka ta wuce, ya fara shirin fita. Me zan yi?

Wani ɗa, daga Jos

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya ja da ran Baba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ka ajiye a ƙarshe. Ka daɗe kana kallon mahaifinka yana fama da bokiti, kana kawar da kai kamar ba ka gani ba don kada ya ji kunya. Wannan kaya ne mai nauyi ga ɗa, kuma lurar da ka yi ba rashin ladabi ba ce. Sai dai har yanzu zargi ne. Bindigar da ta haura shekara hamsin a duniya tana da dalilai da yawa na cijewa waɗanda babu ruwansu da kafaɗar mai riƙe da ita, kuma wanda ya san aikin zai iya gane wanne ne a zama ɗaya. Don haka kada ka yanke wa hannun Baba hukunci, shi ma kada ya yanke wa ƙarfen hukunci da magagari, sai an gwada an gani.

A kan maganar magagari ka yi daidai, kuma ina so ka san dalili don ka iya faɗa wa Baba da harshen da zai gamsu. Irin waɗannan bindigogi yawancinsu a kan tsarin bindigar Mauser ta Jamus ta 1898 aka ƙera su. A saman gidan harsashi akwai leɓuna biyu na ƙarfe da ke riƙe harsashi har zuwa daidai lokacin da ya kamata su sake shi, a gabansu kuma akwai ɗan gangare da kan harsashin ke hawa ya shiga ciki. Abin da ke tsakanin "ya shiga sumul" da "ya yi tsalle ya fice" bai fi kaurin takarda biyu ko uku ba, kuma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Abin da ya fi wannan tsoro shi ne, a bayan wannan gangaren ne haƙorin sakata na ƙasa, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe sakatar kada ta dawo baya, yake jingina in an kulle. Lokacin da .375 ta tashi, matsin da ke cikinta ya haura tan huɗu a kan fili kamar farcen ɗan yatsa, kuma wannan naman ƙarfen yana cikin abin da ke tare shi daga fuskar mai harbi. Garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ce kawai.

Harsashin nan kansa, kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da shi a 1912, kuma abin da ya yi suna da shi a dazuzzukan Afirka shi ne santsin shiga. Kwansonsa dogo ne mai tsukewa a hankali zuwa sama, ba shi da kafaɗa mai kaifi da za ta sarƙe. Bindigar da ta yi wa Baba aiki shekara arba'in da wani abu ba tare da gardama ba, ba a wayi gari leɓunanta sun ƙara kauri ba. Wani abu ne ya canza, shi za a nema.

Na farkon abin tuhuma a wurina harsasan ne. Yaushe aka saye su? A ƙasar nan samun harsashin .375 ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa tsofaffin maharba ke lallaɓa kwali ɗaya shekara da shekaru, a loda a fita, a dawo a sauke, a sake lodawa baɗi. Duk harbin da aka yi, waɗanda suka rage a gidan harsashi sai sun doki bangon gaba da kansu. Mai kan dalma yakan baje, ya zama kamar ƙusar da aka daddaka, sai ya riƙa cin karo da gangaren maimakon ya hau. Wannan ya yi daidai da abu na biyu da ka kwatanta. Wani kuma kan nasa yakan nutse cikin kwanso, tsawonsa ya ragu, matsin wutarsa kuma ya ƙaru, irin wannan ba a harba shi. A jera su a kan tebur a duba: wanda ya fi 'yan'uwansa gajarta, wanda wuyansa ya tsage, wanda ya yi kore-kore, wanda sakata ta riga ta loɓa masa baya, duk a ware su gefe. Tsohon harsashi yana kuma iya jinkirin tashi. In an ja kunama shiru, a bar bakin bindiga yana kallon inda aka nufa har minti guda kafin a buɗe.

Sai gidan harsashin. A ƙarƙashin harsasai akwai ɗan faranti da sifirin mai lanƙwasa ke turawa sama. In sifirin ya tsufa ko ya yi tsatsa, ko farantin ya daina zamewa da sauri, gindin harsashi ba ya tasowa a kan lokaci, sai sakata ta zo ta haye bayansa ta karce shi. Ka ga abu na farko da ka kwatanta ke nan. Kai ɗan Jos ne, ba sai na gaya maka abin da damina ke yi wa ƙarfe a watan Agusta ba, ko yadda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Tsohon mai in ya haɗu da ƙura sai ya zama danƙo, sanyin Disamba da Janairu kuma ya ƙara daskarar da shi. Da yawa cikin tsofaffi man keken ɗinki suke zubawa shekara bayan shekara, sabo a kan tsoho, ba a taɓa wanke na ƙasa ba. Ka kuma tambaya cikin dabara ko an taɓa kwance gidan an mayar a 'yan shekarun nan, domin sifirin da aka mayar a juye yana kawo irin wannan matsala, kuma yaro mai koyo yana iya yin haka da kyakkyawar niyya ya yi shiru. Ƙotar ma a duba ta. Katako yana kumbura da damina ya motse da rani, notunan da suka ɗaure ƙarfe da katako su saki, gidan harsashi ya ɗan sauka daga inda ya kamata. Babbar bindiga kuma takan tsaga ƙotarta daga ciki, a bayan ƙarfen, inda ido ba ya gani sai an kwance. Duk waɗannan gyaransu wanki ne, ko sabon sifirin, ko ɗaure noti, ko aikin katako. Babu inda magagari ya shigo.

Yanzu ga zarginka. Yana iya zama gaskiya, ba zan ɓoye maka ba. Harsashin .375 tsawonsa ya kai milimita 91, wanda aka fara ƙera Mauser dominsa kuwa 82 ne, saboda haka tafiyar sakatar tana da nisa, kuma dole a ja ta da ƙarfi har ta doki ƙarshe kafin a tura. In aka rage ko da kaɗan, fuskar sakata ba ta kai bayan harsashi na gaba ba, sai ta haye shi, daidai da abin da mataccen sifirin ke jawowa. Bindigar ta kai kilo huɗu ko fiye, ta riga ta naushi kafaɗar da ke ciwo, ga dabba ta taso. Matasa majiya ƙarfi ma suna yin wannan kuskure in hankali ya tashi, balle dattijo mai shekara 74.

To ta yaya za a bambance? Da harsasan gwaji, waɗanda ba su da albarushi ba su da abin kunnawa. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da harsashi mai rai a cikin gida, musamman da yake in biyu suka cushe, kan na baya yana iya dukan gindin na gaba. Mai gyara zai cika gidan ya ja a hankali, ya ja da sauri, sau da yawa. In kullum na gefe ɗaya ne ke cijewa, dama ko hagu, a dubi farantin da leɓen wannan gefe. In na ƙarshe ne ke yawan ƙi, sifirin ne. In sababbin harsasan gwaji suna wucewa amma tsofaffin Baba masu bajajjen kai ne suka riƙa tsayawa, an gano. In kuwa bayan wanki komai yana tafiya sumul a hannun mai gyara, sai a miƙa wa Baba, ya ɗora a kafaɗa kamar yana daji, ya ja da kansa. Kunnensa zai gaya masa kafin kowa ya buɗe baki, don ya san ƙarar da sakata ke yi in ta kai ƙarshe fiye da yadda ka san muryar ƙofar ɗakinka. Yana iya yiwuwa ma a samu duka biyun: sifirin da ya gaji, da hannun da a da yake rufa masa asiri da ƙarfin ja.

Wa zai yi wannan aiki, nan doka ta shigo, kuma a Jos ba a wasa da ita. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar farauta irin wannan a ƙarƙashin lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuwa a ƙarƙashin na Kwamishinan 'yan sandan jiha. Gyaran irin ta Baba ba ya halatta sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko wurin wanda aka ba izinin gyara. Lasisi kuma na mai suna a jiki ne shi kaɗai. Ke nan shawarar Mama, ban da ɓacin ran da za ta jawo, tana iya jefa ka cikin abin da ba ka zata ba: a tsayar da kai a shingen sojoji da babbar bindiga a but ɗin mota, takarda da sunan wani, ba mai tsayawa jin cewa hedikwata za ka kai ta. Abin yi shi ne ka fara zuwa kai kaɗai, hannu rabbana, da kwafin lasisin, ka je sashen da ke kula da rajistar bindigogi a hedikwatar 'yan sandan jiha. Ka tabbatar lasisin bai mutu ba, ka tambayi wanda aka amince ya duba ta da yadda ake ɗaukarta zuwa can. Ranar kaiwa Baba ne zai riƙe kayarsa, ba harsashi a ciki, kai direba ne kawai.

Abokin Baba maƙeri kada ka raina shi, kada ka bari Baba ya ji kamar ka raina shi. Mutumin da ke gyara bindigar toka ya san ƙarfe da wuta, amma albarushin gargajiya da wannan ba ɗaya ba ne, kuma in wani abu ya faru shi za a fara ɗaurewa. Ka je ka gaishe shi a maƙerarsa, da ɗan goro, ka kwashe labarin gadun nan ka gaya masa, ka gaya masa maganar haƙorin sakata da ta doka. Mai sana'ar kirki yana jin daɗin a nemi shawararsa, kuma "Alhaji, wannan ba aikina ba ne" daga bakin aboki ya fi naka tasiri sau goma. In kana da hali ka ba shi aikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo da za a riƙa ajiye bindigar, harsasai a wani wuri dabam. Ya samu aiki, zumunci bai taɓu ba, gidan ma ya ƙara samun kwanciyar hankali.

Mama kuwa ba bindiga take ƙi ba. Mace ce da ta shekara kusan hamsin tana zaman jiran dawowar miji daga daji, sai ga jikanta an kawo da jini. Ka gaya mata abin da kake shirin yi mataki-mataki, don ta san ba a yi watsi da tsoronta ba. Yayarka tana da gaskiya, ɗanta ne, kuma kada kowa ya matsa mata. Yaron ya zauna a gida bana.

Saura Baba, wanda shi ne ya fi wuya. Ina ganin shirun da yake yi maka ba duka fushi ba ne. Maharbin da jikansa ya ji rauni a gabansa saboda harbi na biyu bai fita ba, ya san abin da ya faru fiye da kowa, kuma mai yiwuwa tambayar da ke hana ka barci ita ke hana shi. Shi ya sa yake son laifin ya zama na ƙarfe, don ƙarfe ana goge shi. Da ka ce "kada a yi", abin da ya ji shi ne ɗansa na neman karɓe abin da ya rage masa na ƙuruciya. Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "uf", kuma ka san an ambaci tsufa a wannan ayar ta Suratul Isra'i. Ka same shi shi kaɗai, bayan sallar asuba ko bayan isha'i, ba a gaban Mama ko yara ba. Ka fara da ban haƙuri a kan yadda maganar ta fito, ko da kana ganin ba ka yi laifi ba. Sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Baba, bindigar nan babu irinta yanzu, in aka ɓata ta ba za mu samu wata ba. Ka bar ni in biya a kai ta wurin masu aikinta, kana tsaye a yi komai." Kada ka ambaci hannu ko kaɗan. Ka roƙe shi ya nuna maka yadda take aiki, ya ba ka labarin ranar da ya saye ta. In akwai Sarkin Baka ko wani tsohon abokin farauta da yake jin maganarsa, ka sa shi a tafiyar. Maganar kafaɗa ka ɗauke ta a wata rana dabam, a matsayin maganar lafiya kawai: ciwon da ke hana ɗaga bokiti ya cancanci ganin likitan ƙashi ko da babu bindiga a duniya, kuma sau da yawa gashi da motsa jiki na asibiti suna dawo da abu mai yawa. A haɗa da gwajin ido, domin dokar nan ta ambaci raunin gani cikin abubuwan da ke hana lasisi.

In gwaji ya nuna hannu ne, kada ka yi kamar ka ci gari. Ka yi shiru ka bar shi ya faɗa da bakinsa, ko ya ɗauki makonni. Hanyoyi suna nan. Yana iya ci gaba da riƙe ta a gida da lasisinsa, yana goge ta yana shafa mata mai, ba tare da ta sake fuskantar dabbar da ke juyowa ba. Yana iya kai ta ajiya ma'ajiyar gwamnati da hannunsa, a ba shi takarda, wanda ya sha bamban da a sace masa ita da dare. Kuma kada wani a gidan ya sa rai cewa za ta zama tasa kai tsaye, domin ba a gadon lasisi, a 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sababbi. Abin da yaron nan ya fi buƙata daga kakansa, wato karanta sawu, sanin iska, sanin dabbar da doka ta hana taɓawa, ba ya buƙatar kafaɗa. Ka riƙa ɗaukar hirarsu a waya. Wata rana ka ɗauke su zuwa Yankari su kwana biyu, Baba ya nuna wa jikansa sawun ɓauna da giwa ba tare da kowa ya ɗana komai ba.

Amma ga abin da ba zan sassauta maka a kai ba: bindigar nan ba za ta shiga daji bana ba sai an wanke ta, an canza abin da ya mutu, an samu harsasai masu kyau ta hanyar da doka ta yarda, kuma Baba da kansa ya cika gidan da na gwaji ya juye shi daga kafaɗa sau da yawa a jere ba tare da ko ɗaya ya tsaya ba. In lokacin farauta ya wuce kafin a gama, ya wuce. Gobe da safe ka nemi lasisin ka duba kwanan watan da ke jiki, jibi ka je wurin maƙerin. In ka samu dama ka sake rubuto mini abin da mai gyara ya gani, musamman gefen da harsashin ke tsayawa.